Tarihin Taimakon Ƙasashen Waje: Abin da Ya Ƙare da Abin da Ya Saura



Kun sha ganin buhun dawa ko na shinkafa da rubutun wata ƙasa a jikinsa. Kun sha ganin farar mota ta tsaya ƙofar gidan maigari, baƙi su sauko da takardu a hannu. Kun ga alluna bakin hanya ɗauke da sunan furoje, wasu har rana ta cinye rubutun. Wannan duka shi ake kira taimakon ƙasashen waje. Ya fi shekara 60 yana shigowa ƙasarmu Nijar, da niyyar rage talauci.

To, daga ina ya faro? Mi ya gyara? Mi ya sa wani aiki ya mutu ranar da motar ta koma, wani kuwa yana nan har yau? Ga tarihin. Ku karanta sannu a hankali. Ku karanta ma waɗanda ba su shiga makarantar yaƙi da jahilci ba tukuna, don maganar ta shafi gonar kowa.

Zamanin da babu mai kawo buhu

Yunwa ta girmi taimako. A 1913 da 1914 aka yi babbar yunwar da kakanninmu suka sa ma suna Kakalaba. Mutane suka ci anza da ƙarangiya. Suka tone gidan tururuwa suna neman ƙwayar hatsi. Garuruwa suka watse. A 1931 kuma fara ta cinye gonaki, dubban mutane suka mutu, musamman a yammacin ƙasa. Lokacin nan Nasara ke mulki, kuma ba a daina karɓar haraji ba. Abin da mutum ke dogara da shi shi ne rumbunsa, da danginsa, da zakka, da ƙafarsa in ta iya kai shi kudu.

Bayan yunwar 1931 Nasara ya tsananta dokar rumbun tsimi. Kowane gari sai ya ajiye hatsi saboda baƙar shekara. Dabarar tana da kyau. Amma da tilas aka kawo ta, kuma mai hatsi ba shi da ikon buɗe rumbun sai da izini. Mutane suka tsane ta. Da tilas ɗin ya kau, aka watsar da rumbunan. Ku riƙe wannan labari, don za ku sake gamuwa da irinsa a gaba.

Inda taimako ya faro

Yaƙin duniya na biyu ya ƙare a 1945, ya bar biranen Turai kango. Daga 1948 Amurka ta zuba ma ƙasashen Turai ta yamma kuɗi wajen dalar Amurka miliyan dubu 13. Cikin ƴan shekaru masana'antu suka tashi, kasuwa ta buɗe. Sai manyan duniya suka ce: maganin da ya warkar da Turai zai warkar da ƙasashen talakawa.

Amma ciwon ba iri ɗaya ba ne. Turai tana da makarantu, da masu sana'a, da hanyar jirgin ƙasa. Gyara kawai take bukata. Mu kuwa, ranar 3 ga Agusta 1960 da muka samu ƴancin kai, cikin yara 100 waɗanda ke zuwa lakkal ba su kai 5 ba. Likitoci ƴan ƙasa ana ƙidaya su da yatsu. Teku kuma yana nesa da mu da tafiyar kilomita wajen 1000.

Cikin waɗannan shekaru aka kafa manyan gidajen taimako da kuke jin sunansu a rediyo. An kafa Bankin Duniya a 1944, shi bashi ya fi bayarwa. An kafa Majalisar Ɗinkin Duniya a 1945, tare da hukumarta ta noma mai suna FAO. A 1946 aka kafa UNICEF don yara. A 1961 aka kafa PAM, mai rarraba cimaka.

A 1970 Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsai da magana: kowace ƙasa mai arziki ta riƙa fitar da tamma 7 cikin kowace jika ta samunta na shekara, don ƙasashen talakawa. Ƙasashe kaɗan suka cika wannan, irin su Suwidin da Norwe da Danmak. In aka haɗa masu arzikin duka, abin da suka riƙa bayarwa wajen rabin wannan ne, wani lokaci ma bai kai ba.

Kada ku ɗauka tausayi kaɗai ke sa a bayar. Akwai tausayi, gaskiya ne. Akwai mutanen kirki da suka bar gidajensu suka zauna ƙauyukanmu shekaru. Amma ƙasa tana duba ribarta. Amurka ta yi dokar ba da cimaka a 1954 lokacin da rumbunanta suka cika har manomanta suka rasa mai saye. Ƙasashen yamma da Rasha suna gasar neman abokai. Faransa tana bukatar yuraniyom na Arlit, wanda aka fara haƙa a 1971. Sanin wannan ba rashin godiya ba ne. Wanda ya san dalilin kyauta ya fi sanin ranar da za ta yanke.

Shekarar buhu

Daga 1968 ruwa ya fara ja baya. A 1972 da 1973 damana ta ƙi. Hatsi ya bushe a tsaye. Shanun Fulani da raƙuman Buzaye suka riƙa faɗuwa bakin rijiyoyi. Makiyayin da ke da garke ya wayi gari da sanda kaɗai. Dubban mutane suka taru Lazare, gefen Yamai, da sauran sansanoni. Ƙyanda ta shiga cikin yaran da yunwa ta riga ta raunana.

Duniya ta yi jinkirin ji. Da ta ji kuma, hanya ta yi tsawo. Jirgin ruwa ya sauke buhu a Kwatano, jirgin ƙasa ya kai shi Faraku, kamyo ya hauro da shi ta Gaya da Doso. Wani ya biyo ta Ikko da Kano zuwa Maraɗi da Damagaram. Inda damana ta yanke hanya, sai jiragen sama na sojan ƙasashen waje suka yi jigila. Tsofaffinku sun tuna jar dawar Amurka. A can ƙasarta yawanci dabbobi ake ba ita. Nan kuwa ta ceci rayuka, ko da tuwonta bai yi daɗi ba.

Gidan ajiyar cimaka na gwamnati, wato OPVN, wanda aka kafa a 1970, shi ke da aikin rarrabawa. Amma buhu ya riƙa ɓacewa tsakanin sito da bakin mayunwaci. Ana ganin sa kasuwa ana sayarwa. Ranar 15 ga Afrilu 1974 sojoji suka hamɓare shugaba Jori Hamani. Seyni Kunce ya hau. Cikin dalilan da suka bayar har da maganar cimakar taimako da ba ta kai ga talakawa ba.

Kafin nan, a watan Satumba 1973, ƙasashe 6 suka haɗu Wagadugu: Nijar, Mali, Cadi, Senegal, Muritaniya da ƙasar da ake kira Burkina Faso yanzu. Suka kafa ƙungiyar yaƙi da fari mai suna CILSS. A 1974 aka buɗe mata gida a Yamai, inda ake auna ruwan sama ana duba halin damana, don a san yunwa tun ba ta iso ba.

Buhu ya yi aikinsa, kada kowa ya raina shi. Ranar da yaro ke kuka babu ko tiya guda a ɗaki, buhu ya fi kowace dabara. Amma ana cinye shi. Ranar da ya ƙare, gona tana nan yadda take, rumbu yana nan wayam.

Zamanin manyan furoje

Masu taimako da gwamnati suka gane haka. Suka ce a gyara noma kansa. Cikin shekarun 1970 kusan kowace jiha ta samu babban furoje. Na Maraɗi, Bankin Duniya ya zuba kuɗinsa. Na Damagaram, wanda ya haɗa Mirya da Matamai da Magarya, ƙasashen Turai suka biya. Na Tawa, Jamus ta tsaya masa. Na Yamai, Amurka.

Ga yadda abin yake. Ana ɗaukar saurayi da matarsa su yi damana guda a gidan koyon noma. Ana koya masu shuka a layi, da sabon iri, da takin zamani. Su koma gida da shanun noma, da garma, da amalanke, duk bisa bashi. Niyyar ita ce maƙwabta su gani su kwaikwaya.

An samu amfani. Amalanke ya rage ma mata da jakai wahala, har yau yana kai taki gona yana kai maras lafiya likita. Amma an auna dabarar ne bisa shekarar ruwa mai kyau, aka kuma ba kowa iri ɗaya, mai jigawa da mai fadama. In ruwa ya yi ƙaranci, takin zamani ya ƙone shuka, manomi ya tashi babu hatsi ga kuma bashi. Da yawa suka sayar da shanun. Bashi ya taru ba a biya ba, har bankin manoma na ƙasa, wato CNCA, ya durƙushe cikin shekarun 1980.

Dashen itace ma haka. An kafa gidajen renon itace, an kawo turare da bedi cikin leda. An keɓe fili an ce dajin gari ne. Ranar dashe kowa ya fito da kiɗa. Bayan wata uku babu mai ban ruwa, babu mai korar awaki. Icce na kowa ne, saboda haka ba na kowa ba ne. Fanfuna da yawa sun mutu ta wannan hanya: ƙarfe guda ya karye, babu wanda aka ce shi ke da gyara, babu inda ake sayar da irinsa.

Gwamnati ma ta ci bashi, tana dogara da kuɗin yuraniyom. A farkon shekarun 1980 farashinsa ya faɗi. Daga 1983 masu ba da bashi suka gindaya sharuɗɗa: a rage kashe kuɗi, a rage rangwamen da ake yi ma talaka. A watan Janairu 1994 aka karya darajar kuɗinmu biyu, kayan waje suka yi tsada. Sai a 2004 aka yafe ma Nijar babban rabo na bashinta. Da kuɗin da aka huta biya aka gina ɗakunan karatu da ƙananan ɗakunan magani a ƙauyuka da yawa. Ku lura: ba duk abin da ake kira taimako ne kyauta ba. Wani bashi ne, ƴaƴanku ke biya.

Majiya da Keita

Akwai ayyukan da suka kama ƙasa. A kwarin Majiya, gundumar Buza, iska na ɗauke ƙasar gona tana binne shuka. A 1975 ma'aikatan gandun daji da wata ƙungiyar Amurka mai suna CARE suka fara dasa bedi, wanda wasu ke kira dogon yaro. Layi biyu-biyu ake yi, a gicciye ma iska, da tazarar mita 100. Aka sa masu gadi har itacen suka fi ƙarfin bisashe. Layukan suka kai ɗaruruwan kilomita. Da aka auna, hatsin da ke tsakaninsu ya fi na fili. Amma da lokacin saran reshe ya zo, sai tambaya ta tashi: na wa ne iccen? Na mai gona, ko na gari, ko na gwamnati? Sai da aka zauna aka tsara rabo. Da an yi wannan magana tun ranar dashe, da an huta.

A 1984 fari ya komo. Wannan ita ce yunwar da mutanen Maraɗi suka sa ma sunan Buhari, don a lokacinsa Nijeriya ta rufe iyaka, hanyar cin rani ta toshe. A watan Mayu na shekarar aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada. A shekarar ce kuma aka fara furojen Keita, cikin Adar. Italiya ta ba da kuɗi, FAO ta riƙe aiki, PAM ta riƙa biyan ma'aikata da cimaka.

Maza sun tafi bida. Mata suka ɗauki aikin. Su suka yi dakon duwatsu a ka, suka jera su a gicciye ma ruwa. Suka haƙa ramu jikin tsaunuka, suka dasa icce cikin kowane. Aka datse ƙoramu, aka ɗaure tuddan rairayi. Zuwa farkon shekarun 2000 an farfaɗo da fiye da hekta dubu 30, an dasa itace wajen miliyan 18. Inda ruwa ke gudu yana yaga ƙasa, sai ya tsaya ya shiga. Rijiyoyi suka samu ruwa, aka yi albasa da rani.

Keita aiki ne na a yaba. Amma ya ci kuɗi mai yawa, an yi shi da manyan motoci da taraktoci, ya ɗauki shekaru. Garin da ke gefe ba zai iya kwaikwayon sa da hauya da jaki ba.

Ramin da ya fito Yatenga

A gundumar Illela an yi wani abu mai arha. Akwai furoje da asusun noma na duniya, FIDA, ya biya. A 1989 ya ɗauki wasu manoma kaɗan ya kai su Yatenga, ƙasar Burkina Faso, su ga aikin ƴan'uwansu. Can suka ga ana noma fako, ƙasar da ko ciyawa ba ta fitarwa. Mutanen Adar sun san tassa tun da. Amma na Yatenga sun ƙara ma ramin faɗi da zurfi.

Da rani ake haƙa shi, kamar faɗin ƙwarya. Ana tara ƙasar ta gefen gangare don ta tare ruwa. Ana zuba takin gida cikin hannu ɗaya ko biyu. Gara ta zo cin takin, ta huda ƙasa, ruwa ya samu hanyar shiga. In ruwan farko ya sauka, sai a shuka cikin ramin.

Manoman suka komo gida suka gwada. A 1990 ruwa ya yi ƙaranci. Gonaki da yawa ba su yi kome ba, amma masu tassa suka ɗaure damma. Maƙwabta suka gani da idonsu.  Cikin ƴan shekaru fakon da ake bayarwa kyauta ya zama abin saye da sayarwa wajen Badagishiri. Samari suka samu aikin haƙa rami da rani. Furoje ya biya kuɗin tafiya, ya ba da horo. Haƙa ramin kuwa hannun manomi ne.

Sassabin zamani

Babban labari kuwa daga Maraɗi ya fito. Wani Bature ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo yana aiki da mishan ta SIM. Ya yi shekaru yana raba dashe, yawanci suna mutuwa. A 1983, kan hanyar ƙauye, ya tsaya ya duba wani ɗan kurmi cikin gona. Sai ya gane ashe kututturen icce ne da aka sare tun da, saiwarsa na da rai, kowace shekara tana tofo, kowace shekara ana sassabe ta. Gonaki cike suke da irinsa: kalgo, sabara, aduwa, magarya.

Dabarar ba wuya. In ka zo sassabe, kada ka share kututture duka. Zaɓi tofo 3 zuwa 5 mafi ƙarfi da miƙewa. Yanke sauran. Sassaƙe ƙananan rassa na ƙasa da wuƙa mai kaifi. Saiwar ta riga ta yi nisa cikin ƙasa, ba ta bukatar ban ruwa. Cikin shekara 3 ko 4 ka samu icce.

Da fari an yi ma masu yin haka dariya. A lokacin, gona mai tsabta ita ce shaidar manomin kirki. Da yunwar 1984 ta zo, mishan ta raba cimaka a garuruwa wajen 100, bisa sharaɗin kowa ya bar itace a gonarsa. Aka bar wajen dubu 500. Da cimaka ta ƙare, mutane suka sare wajen kashi biyu cikin uku. Kun ga labarin rumbun tsimi ya komo. Abin da aka yi don buhu ya tafi tare da buhu.

Amma waɗanda suka bar nasu suka ga abu. Iska ba ta binne shuka, ba sai an sake shuka sau uku ba. Ganye na zuba yana zama taki. Mata sun huta tafiyar nesa neman iccen wuta. Ga sanda ta rufin ɗaki, ga ta sayarwa. Har waɗanda suka sare suka komo suna bari.

Akwai ƙaya guda: doka. Tun dokar daji ta Nasara ta 1935, da wadda ƙasa ta yi a 1974, itace da yawa na hannun gwamnati ne. Mutum na iya biyan tara don ya sari iccen da ke tsakiyar gonarsa. Wa zai reni abin da zai jawo masa tara? Daga tsakiyar shekarun 1980 aka fara sassauta ma manoma. Dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004 suka ƙara buɗe hanya. A 2020 gwamnati ta fitar da doka mai tabbatar da haƙƙin manomi bisa iccen da ya rena a gonarsa.

A ƙasar Damagaram ma, mutanen Mirya da Matamai da Magarya suka cika gonakinsu da gawo, yawanci ba tare da wani furoje ba. Sun gaji sanin darajarsa. Dattawa suna ba da labarin yadda sarakunan Damagaram na da ke hukunta mai saran gawo. Shi gawo da damana yake zubar da ganye, ba ya tare ma hatsi rana. Da rani ya yi inuwa, bisashe su kwanta ƙarƙashinsa su ci ƴaƴansa su bar taki.

Wajen 2005 masu bincike, ƴan ƙasa da baƙi, suka gwada hotunan sama na da da na lokacin. Suka tarar gonaki wajen hekta miliyan 5 sun farfaɗo, da itace wajen miliyan 200. Ku gwada da miliyan 18 na Keita. Babu furojen da ya taɓa dasa ko kusa da haka a ƙasar nan. Manoma suka yi shi, da wuƙa da gatari.

Abin da manomi ba zai iya shi kaɗai ba

Kada a ce to taimako ba shi da amfani. Akwai abin da gari ba zai iya ƙera ma kansa ba. Agana ta kashe mutane ta makantar da wasu tun zamanin kakanni. Daga 1967 aka bi ƙasashen Afirka ta yamma gari-gari ana lamba. A 1980 aka tabbatar ta ƙare a duniya duka. Kurkunu yakan kwantar da manomi daidai lokacin noma, ya addabi ƙasar Mirya ƙwarai. Ƙungiyoyin waje suka kawo ƙyallen tace ruwa, suka horar da mutum a kowane gari. Mata suka riƙe tacewa kullum. A 2013 aka shaida Nijar ta rabu da shi.

A 2004 fari da fara suka haɗu. A 2005 buhun hatsi ya kai wajen jika 30. Kasuwa cike take, kuɗin saye ne babu. An yi jinkirin rabon kyauta, yara suka rame. Ƙungiyar likitoci ta MSF kaɗai ta yi jinyar yara fiye da dubu 60 a shekarar, yawancinsu a jihar Maraɗi, da wani haɗin gujiya da madara da uwa ke iya ba ɗanta a gida. A wannan shekara an lura garuruwan da ke da itace, irin su Ɗan Saga cikin gundumar Agye, sun fi jurewa. Sun sayar da icce da ganye sun sayi hatsi. A 2006 gwamnati ta ce a duba yaran da ba su kai shekara 5 ba kyauta. Da allurar rigakafi, da gidan sauro, da ɗakunan magani na ƙauye, mutuwar ƙananan yara ta ragu. A 1998 cikin yara 1000 da aka haifa, 226 ba su kai shekara 5 ba. A 2009 lissafin ya sauko 128.

Inda muke, da abin da ya rage gare ku

Duk da haka talauci bai ƙare ba. A 1960 ba mu wuce mutum miliyan 3 da ɗoriya ba. Yanzu mun haura miliyan 25. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, jikoki goma ke rabonta. Icce ma yana da rigimarsa: ɓarawon dare na sara, makiyayi na bukatar reshe, sai gari ya kafa masu tsaro ya kuma yi yarjejeniya da masu bisashe.

Taimako kuma ba shi da tabbas. Da sojoji suka karɓi mulki ranar 26 ga Yuli 2023, ƙasashe da yawa suka tsai da nasu. A 2025 Amurka ta rufe babban gidan taimakonta, USAID, wasu ƙasashen Turai kuma suka rage abin da suke bayarwa. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala, sun kuma ce zomo ba ya kamuwa daga zaune. Ranar da kuɗin waje suka tsaya, gawon Matamai bai daina zubar da ganye ba, tassar Illela ba ta daina tare ruwa ba.

To, ɗan'uwa, ƴar'uwa, in baƙi suka zo garinku da sabon aiki, ku tarbe su da mutunci, ku ba su ruwa. Sannan a gaban taro, maza da mata, ku yi waɗannan tambayoyi:

1. Mu muka nemi aikin nan, ko an kawo mana shi ne? Shi ne abin da ya fi damun mu?
2. Kyauta ne ko bashi? In bashi ne, nawa, yaushe za a biya, in damana ta ƙi yaya za a yi?
3. In an gama, na wa ne? Wa ke da filin, wa ke da iccen, wa ke riƙe mabuɗi?
4. In ya lalace, wa zai gyara? Ina ake sayar da kayan gyara? Ina asusun?
5. Za mu iya ci gaba da shi da abin da ke hannunmu bayan motar ta tafi?

Nan ne karatunku ke da rana. Kada ku dangwala yatsa bisa takardar da ba a karanta maku ba. In an kawo buhu 100, a rubuta 100 cikin littafin gari, a karanta a bainar jama'a. In kuna da bankin hatsi, a rubuta tiya nawa ta shiga, nawa ta fita, wa ya ɗauka, wa ya maido. Mai riƙe littafi daban, mai riƙe mabuɗi daban.

Kuma in lokacin sassabe ya zo, kafin ka ɗaga gatari, duba kututturen da ke gabanka. Zaɓi tofo mai ƙarfi ka bar shi. Wannan ba sai ka jira kowa ba.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya kiyashe mu da fari da fara. Amin.